Ranar da Toka Ta Haihu

"Sauke ta, Dogo. Ba a ɗaukar ta ta ciki yanzu."

Ya dire magen a hankali, ya ɗaga hannuwansa sama kamar ɓarawon da aka ritsa.

"Tuba nake. Gaisawa kawai muke yi."

"Ai na gani. Ita ka zo gaisarwa. Ni da na yi kwana da kwanaki ina kiran wayarka ba ka ɗauka, ban kai a gaishe ni ba."

"Auta..."

"Kar ka ce min Auta."

Ya juya ya ɗauko wani akwatin katako da ya bari a bakin ƙofa, ya ajiye a tsakiyar falo. Ya goge shi sumul, ya rage tsawon gefe ɗaya yadda mage mai nauyi za ta shiga ba sai ta yi tsalle ba. Ƙamshin sabon katako ya cika ɗakin.

"Na Toka ne," ya ce. "Kin ce ta fara neman lungu."

Nan take fushina ya sace kamar tayar keke.

Haka Dogo yake. Kafinta ne, shagonsa yana bakin titinmu, kuma bakinsa bai kai hannunsa iya magana ba. Mun saba ne lokacin da ya zo sa wa gadon Baba katako a gefe don kada ya faɗo. Ya gama aikin, amma ya ci gaba da samo abin gyara a gidanmu, yau ƙofa, gobe ƙafar kujera, har sai da na ce masa ya faɗi abin da ke kawo shi kafin ya ƙarar mana da gida.

Baba mai gyaran agogo ne a da. Bayan rasuwar Mama ciwon mantuwa ya kama shi, ya fara da manta inda ya ajiye tabarau, ya ƙare da manta sunana. Na bar aikina a kantin magani na zauna da shi. Ni da shi da Toka, magen Mama, mu ke nan a gidan.

Dogo ya zauna a hannun kujera yana murza yatsunsa. Sai a lokacin na lura idanunsa sun faɗa.

"Me ya faru?"

"Jikin Inna ne. Garinmu na tafi, shi ya sa ba ki same ni ba."

"Subhanallahi. Ƙodar ce?"

"Ita ce. Likita ya ce wankin ƙodar ya zama dole har ƙarshen rayuwarta, ba za ta sake yin nisa da babban asibitin can ba. Ƙanwata ta yi iya yinta, ga goyo ga miji... Ni kaɗai ne namiji, Auta. Na sa shagon a kasuwa."

"Ka sa shagon..."

"Zan koma can da zama."

Garin da yake magana a kai, wuni guda ake yi a mota kafin a isa. Na zauna a ƙasa kusa da akwatin.

"Ki zo mu tafi, farin cikina," ya ce da sauri. "A ɗaura mana aure ko ba taro. Mu tafi da Baba, zan riƙe shi kamar ni ya haifa."

"Ka manta abin da ya faru a gidan Yaya?"

Bai manta ba. Shi ya taya mu nema. Mun taɓa kai Baba gidan yayana, ya ga ɗakin da bai sani ba, ya sulale ya fita. A bakin babban titi aka tsince shi, ƙafafunsa duk jini. Likita ya ce in muna son sauran hankalinsa, kada a sake raba shi da ɗakin da ya saba.

"To ki bar wa Yaya shi," Dogo ya ce. "Ba ke kaɗai ya haifa ba."

"Kai ma ka bar wa ƙanwarka Inna mana. Ba kai kaɗai ta haifa ba."

Maganar tana fita na so in kamo ta. Ya dube ni, na dube shi. Babu mai gaskiyar da ta fi ta wani, kuma duk mun san haka.

"Ƙarshen wata zan tafi," ya ce a hankali, ya miƙe.

Kwanakin da suka biyo baya, Toka ce ta hana ni zaucewa. Cikinta ya yi ƙasa, nonuwanta sun yi ja, tafiya ma sai ta yi tana hutawa. In ta kwanta a gefe, sai in ga 'ya'yan suna motsi a ƙarƙashin gashinta. Likitar dabbobi ta ce in riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan amma sau da yawa, kifi da dafaffen ƙwai, ruwa kuma kada ya yanke, kuma kada in kuskura in ba ta wani magani da kaina. Na bi maganarta kamar karatu.

Na kai akwatin lungun da ba haske, na shimfiɗa tsofaffin tawul masu laushi. Toka ta zo ta shinshina, ta zagaya shi, ta dube ni kamar na zage ta, ta koma kan ƙafafun Baba ta kwanta.

"Toka ta yi ƙiba," Baba ya ce yana shafa kanta.

"Ciki gare ta, Baba."

"To madalla." Ya ɗago ya dube ni da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Ke kuma yarinya, yaya mutanen gidanku?"

Sunan mage bai taɓa ɓace masa ba. Na daina jin haushin hakan tuntuni, amma ranar sai da na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana.

Na kira Yaya.

"Auta, ke ma kin san yadda gidan nan yake," ya ce. Ina jin hayaniyar yaransa ta wayar. "Sai dai a sake nemo mai kula da shi."

"An nemo, Yaya. Ya ƙi cin abinci a hannunta har sai da aka ƙara masa ruwa. Ka dawo gida mana, ko na ɗan lokaci."

"In bar aikin? Yaran su ci me?"

"Ni fa? Shekaruna tafiya suke yi..."



"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Allah yana ganin ki."

Ban ji haushinsa ba. Shi ma muryarsa rawa take.

Ranar tafiyar Dogo, Toka ta wayi gari ta ƙi abinci. Ta yi ta bin ƙafata tana kuka ƙasa-ƙasa, ta kwanta ta tashi, tana lasar jikinta tana haki. Ina gama yi wa Baba wanka na neme ta na rasa. Can na same ta a ƙasan kabad ɗinsa, ta tone tsofaffin rigunansa ta yi gurbi. Na bar ƙofar kabad ɗin a ɗan buɗe, na ja labule, na kawo ruwa da tawul, na zauna nesa kaɗan.

Da hantsi na ji sallamar Dogo. Ya shigo da jaka a kafaɗa.

"Mota tana lodi. Na ce ba zan wuce ban..."

"Yi a hankali. Ta fara."

Ya ajiye jakar, ya durƙusa kusa da ni. Kafaɗarsa tana taɓa tawa. Baba yana kan gado yana gyangyaɗi.

Na farkon ya zo cikin 'yar jakarsa mai sheƙi. Toka ta yaga ta da haƙori, ta lashe shi, ta ciji cibiyar, sai ga wata siririyar murya. Dogo ya saki numfashi.

"Kin ga kansa? Kamar kan mai gidan shagona."

Na yi dariya ba shiri, hawaye na bin fuskata. Na biyu ma ya zo lafiya, ya rarrafa ya kama nono.

Na ukun ne ya daɗe. Toka ta yi ta nishi har na ɗauki waya zan kira likita, sai ya sulɓo. Amma ta gaji, ta kwantar da kai, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Dogo, ba ya motsi."

"Ba ni tawul."

Ya ɗauke shi a tafin hannunsa, ya yaga jakar da farce, ya share masa hanci da baki, ya shiga goga masa baya da tawul ɗin. Manyan yatsun nan masu kanta, a kan abin da bai kai tsawon ɗayansu ba.

"Tashi mana," yake cewa. "Haba ƙaramin, tashi."

Ya yi ta gogawa. Ya hura masa iska. Ya sake gogawa. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, direba ne, bai ɗauka ba.

"Dogo, bar shi."

"Zai tashi. Kin ga jikinsa da ɗumi."

"Ɗumin hannunka ne. Bar shi... ya tafi."

Ya tsaya. Ya naɗe shi a tawul ɗin, ya riƙe a ƙirjinsa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Tun da na san shi ban taɓa ganin kukansa ba.

"Na yi iya ƙoƙarina, Auta. Wallahi na juya maganar nan ta ko'ina, na rasa hanya."

"Na sani, raina."

"Ki ce in jira. Ki ce kawai, zan jira."

"Ka jira me? Ka zauna kana jiran ranar da za a ce Baba ya rasu? Ni in zauna ina jiran ta Inna?" na ce. "Ba na so wata rana in kama zuciyata tana fatan abin nan. Kai ma ba na so maka."

"To yaya zan yi da son da nake miki?"

"Ka tafi da shi. Ni ma nawa yana nan, ba inda za shi. Amma kar ka jira ni. In ka sami wadda za ta taya ka riƙe Inna, ka aure ta, ban riƙe ka da komai ba."

"Ki daina, don Allah."

"Ka gaishe min da Inna. Ka ce 'yarta tana yi mata addu'a."

Ya fita tsakar gida ya haƙa ɗan rami a gindin katanga, ya binne ƙaramin. Ya wanke hannunsa, ya dawo ya durƙusa a gaban gado.

"Baba, zan tafi. A sa min albarka."

Baba ya buɗe ido, ya dafa kansa. "Allah ya kiyaye hanya, ɗan samari."

Dogo ya saɓa jakarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni, sannan ya fita. Na ji ƙarar ƙyaure, sannan takunsa yana nisa.

Ina tsaye a tsakar ɗakin kamar an dasa ni, sai na ji murya a bayana.

"Auta."

Na juya a firgice. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa har na manta. Idanunsa tar a kaina, irin na da, lokacin da yake duba cikin agogo.

"Wannan ba yaron da yake son ki ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"To me kike yi a nan? Bi shi mana. Ni na tsufa, 'yata. Kar ki ƙarar da kanki a kaina."

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na buɗe ƙyaure na faɗa titi. Ga shi can ya kusa kwana, jakar tana lilo a bayansa, ya fi kowa tsawo a cikin mutane. Na cika ƙirjina da iska zan ƙwala masa kira.

Sai na jiyo kuka daga cikin gida. Kukan tsoro ne, irin na yaron da ya farka bai ga kowa ba.

"Wa ke nan? Jama'a, an bar ni ni kaɗai... Wa ke nan?"

Na tsaya da sunan Dogo a bakina. Ina kallo ya sha kwana.

Na mayar da ƙyauren na rufe.

Na sami Baba ya zuro ƙafa ɗaya ta kan katakon gado, jikinsa sai ɓari yake. Na mayar da ƙafar, na gyara masa matashi, na riƙe hannunsa har numfashinsa ya daidaita. A cikin kabad, Toka ta ƙara haihuwar wani, tana lasar sa, sauran suna tsotso.

Baba ya daɗe yana kallon fuskata.

"Sannu, yarinya. Kin kyauta," ya ce. "Me ya sa ki kuka? Wani ne ya taɓa ki?"

"Ba kowa, Baba."

"Ke 'yar gidan waye?"

Na share idona da bayan hannu.

"'Yar gidan nan ce," na ce. "Tashi ka sha ruwa."