Amalanke Uku na Baƙar Ƙasa

Nu'uman mai babbaka ne a bayan mahauta a Daura. Kai da ƙafa da ganda yake babbakewa da tsofaffin tayoyi, kamar yadda ya tarar mahaifinsa yana yi. Yana da ladabi da rufin asiri, karatu mai zurfi ne kawai bai samu ba, kuma abin yana damunsa fiye da yadda yake nunawa. Fadila kuwa ɗaliba ce a jami'a, tana karantar kimiyyar ƙasar noma. Ita ranar da suka haɗu, mai haƙa mata rami kawai ta rasa.

Ya hango ta durƙushe kusa da murhunsa da 'yan ledojin ɗibar ƙasa, tana fama da ƙasar da toka ta daskarar. Ya goge hannu a riga, ya ɗauko diga.

"Malama, ƙasar tamu ma saye ake yi yanzu?"

"Asibiti zan kai ta, a duba lafiyarta."

"To Allah ya ba ta lafiya."

Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ta karɓi lambarsa don ta sanar da shi sakamako. Sakamakon ya yi jinkiri, amma saƙonni ba su yi ba. Kafin wata biyu yana ce mata Malamata, tana ce masa Ɗan Hayaƙi.

Mahaifinta, Malam Mainasara, mai lambu ne a hanyar Sandamu, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da ya aurar da ita ga Munzali, ɗan amininsa mai aikin ofis. Wata rana Nu'uman ya ji dattijon yana kukan rashin taki. Ya san manoma na ɗibar tokar juji su zuba a gona, ya kuma san inda ƙasa ta fi ko'ina baƙi. Sai ya cika amalanke uku daga gindin murhunsa ya kai lambun. Bai gaya wa Fadila ba, so yake ta ji yabonsa daga bakin babanta.

Malam Mainasara ya damƙi ƙasar, ya jinjina kai. "Baƙa wuluk! Allah ya yi maka albarka, yaro." Aka baza ta a fangali shida, aka shuka alayyafo.

Bayan sati biyar saƙo ya shigo daga makaranta:

"Ɗan Hayaƙina, sakamako ya fito, kuma bai yi daɗi ba. Hayaƙin taya da tokarta suna barin guba a ƙasa, tana shekaru ba ta gushe ba. Tana bin ganye ta shiga ciki, a hankali tana iya jawo ciwon daji. Don Allah kada kowa ya shuka komai a wurin nan."

Nu'uman ya karanta sau uku, ya zauna a kan taya. Kwana biyu ya kasa ba ta amsa.

"Ko ka ji haushi ne? Wallahi ban raina sana'arka ba," ta sake rubutowa.

Ba haushi ba ne, kunya ce. Ranar Juma'a za a yanki alayyafon, wani ya tafi kasuwa, wani ya shiga tukunyar gidansu Fadila. Dattijon bai taɓa tambayar inda aka ɗebo ƙasar ba. In ya yi shiru, babu mai sani.

Ranar Alhamis da hantsi ya je lambun, ya durƙusa a bakin fangali.

"Baba, ƙasar da na kawo ba ta juji ba ce. Tokar taya ce. Guba na zuba maka, ban sani ba."

Malam Mainasara ya daɗe yana kallon ganyen da ya yi kore shar. "Kwashe tsiyarka," ya ce. "Kuma kada in sake ganinka a zaurena."

Nu'uman ya tuge alayyafon da hannunsa, masu lambu na kusa suna kallo suna ƙus-ƙus. Sannan ya rubuta wa Fadila komai, ya ƙare da cewa: "Malamata, jahilcina ya kusa cutar da gidanku. In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Amsarta gajera ce: "Ka haƙe ƙasar, zurfin ya kai kamu ɗaya. Zan tambayi malaminmu inda za a binne ta nesa da rijiya."

Kwana tara yana haƙa yana kwashewa. A rana ta goma Fadila ta zo hutu, ta tarar da mahaifinta a inuwar mangwaro yana kallon mai haƙan.

"Baba, da ya yi shiru fa, da mun ci."

"Na sani, uwata. Tun ranar nake tunanin haka." Ya ɗaga murya. "Kai mai hayaƙi! Ajiye digar nan ka sha ruwa. Ka ce wa manyanka ina nemansu."

Nu'uman ya ajiye digar, ya nufo inuwar.

Kafin biki ya daina ƙona taya, ya koma babbaka da wutar gas, abokan sana'a biyu suka bi shi. An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Da aka shafa fatiha, Malam Mainasara ya riƙe hannun angon da ya yi kanta saboda haƙa, ya ce, "Allah ya ba ku zuri'a mai faɗin gaskiya."

Nu'uman ya amsa da amin, idonsa a ƙasa. Ya gane cewa ba kyautar da ya kai ce ta ba shi Fadila ba, kwashe ta da ya yi ne.