Muryar Hussaina a Aljihun Mutane

Saniya ce ta haɗa su.

Fu'ad ya zo rugar Maude da ke bayan Gwarinpa da hantsi, riƙe da makirfo mai gashi a kan doguwar sanda. Gem yake haɗawa, wasan da ake bugawa a waya, shi da abokinsa Godspower. Sun sa masa suna Garke: mutum ya kora shanu, ya kai su ruwa, ya kauce wa gonakin mutane, ya dawo da su lafiya. Zanen ya yi kyau. Kukan shanun ne ba daɗi, na Turai suka sauko da shi daga intanet. Shi ya sa ya zo ɗaukar na gaske.

Ya miƙa sandar. Wata farar saniya ta dube shi, ta dubi abin, ta sa harshe ta naɗe gashin makirfon.

"Wayyo! Saki! Don Allah saki!"

Sai ya ji dariya a bayansa. Budurwa ce, farar rigar aiki a kan atamfa, sirinji a hannu. Ta ɗaga murya ta yi wani dogon kira mai hawa da sauka. Saniyar ta saki ta juya. Garken duka ya ɗago kai.

"Malam, Saye sunanta, kuma ba a roƙonta," in ji ta. "Kiranta ake yi."

Fu'ad ya tsaya da jiƙaƙƙen makirfo, ya manta abin da ya kawo shi.

Sunanta Hussaina, 'yar Maude. Ta yi karatun lafiyar dabbobi, ita ke yi wa shanun rugar allura. Daga ranar Fu'ad bai rasa dalilin dawowa ba. Yau kukan maraƙi bai fita sosai ba. Gobe yana son ƙarar kofato a kan tsakuwa. Maude, dattijo mai ƙarancin magana, yakan amsa gaisuwarsa ya ci gaba da tufkar igiya.

Saƙonni suka fara.

"Likitata, yau na zana Saye. Ta fi ni kyau."

"Wannan ba abin wahala ba ne, ɗan birni."

"Kin ci abinci?"

"Na ci. Kai ne ke manta ci a gaban kwamfuta. Tashi ka ci, don Allah, kar ka rame a ce ni ce."

Wata rana ya roƙe ta ta yi kiran nan a makirfo. Ta kama bakin mayafinta tana wasa da shi.

"Baffa ba zai so ba."

"Na gwaji ne kawai, in ga yadda shanun gem za su juyo. Ni kaɗai zan ji."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, hasken idona. Na yi alkawari."

Ta yi kiran.

Godspower ne ya yi ɓarnar, ba da nufi ba. Ranar da za su saki gem ɗin, ya ɗora na gwajin a madadin na gaskiyar. Kafin Fu'ad ya farga, abin ya bazu. Masu gadi a Maitama suna bugawa. 'Yan keke a Gwarinpa suna bugawa. A kasuwar Durumi, duk inda ka juya sai ka ji dogon kiran nan yana fitowa daga aljihun wani ƙato. Wani kamfani daga Legas ya bugo waya, ya ce zai zo ya gan su a baje kolin fasaha da za a yi a Abuja, kuma muryar nan ce ta ja hankalinsa.

Akwai wani dillalin shanu, Yahuza, wanda ya nemi Hussaina ta ce ba ta yi. Da ya gane muryar, bai ɓata lokaci ba. Ya zo rugar da la'asar, ya zauna a tabarmar Maude, ya ce, "Baffa, saurari abin da yaron nan ya yi maka." Ya ƙure ƙarar wayar.

Bai yi lissafi da shanun ba. Saye ce ta fara tahowa, sauran suka biyo ta a guje. Yahuza ya zabura, ya bar takalmi ɗaya, ya haye bishiyar mangwaro da babbar riga, wayar tana ta kira a aljihunsa, shanu sun kewaye gindin. Matan ruga suka yi dariya har da zama a ƙasa.

Maude bai yi dariya ba. Ya kira 'yarsa.

"Muryar wa ce wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na kai ki makaranta, mutane suka yi magana, na toshe kunnena. Yau kowane mahauci yana yawo da muryarki. Yaron nan kar ya sake taka mini ruga."

Saƙonta ya iso wa Fu'ad yana ofis.

"Ka ce kai kaɗai. Yau na ji kaina a wayar Yahuza, a gaban Baffa. Kar ka kira ni."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya juya ga kwamfuta ya cire gem ɗin daga intanet.

Godspower ya dafe kai. "Oga, ka kashe mu! Mutanen Legas fa? Muryar nan suke so!"

"Ba tamu ba ce."

"To me za mu nuna musu? Shanu kurame?"

Fu'ad ya san cirewar ma ba ta isa ba. Duk wanda ya riga ya ɗauka, muryar tana wayarsa. Sai an aika musu sabo, wanda ya fi tsohon daɗi, su karɓa da kansu ya goge na da. Shi kuwa ba shi da abin da ya fi muryar Hussaina.

Washegari Godspower ya hau keke shi kaɗai ya tafi ruga. Ya durƙusa a gaban Maude da Hausarsa ta kasuwa.

"Baba, ni ne ta yi laifi. Fu'ad ba ta sani ba. Ka buga ni, kar ka buga shi."

Maude ya dube shi ya ce ya tashi, akwai kaska a ƙasan. Hussaina tana bayan bukka, ta ji komai.

Da yamma wayar Fu'ad ta yi ƙara.

"Abokinka ya zo. Na yi maka mummunan zato, ka yafe ni."

"Ni ne mai laifi, likitata. Ni na roƙa, ni ban adana ba."

"Saurara, ɗan birnina. Saniya ba don daɗin murya take zuwa ba. Wadda ta saba da ita take bi. Me ya sa kowa ba zai kira nasa shanun da bakinsa ba? Wayar ai tana da kunne."

Fu'ad ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

Suka duƙufa shi da Godspower. A sabon Garke babu muryar kowa. Kai za ka buɗe baki ka kira. Da farko shanun ba za su kula ka ba. Kullum ka kira su, ka kai su ruwa, sannu a hankali su san ka. In wani ya karɓi wayarka ya kira, ko kallonsa ba za su yi ba.

Mutane suka yi rububin sabon, tsohon ya goge. A wajen baje kolin, manyan mutane da kwat da babbar riga suka tsaya suna ƙwala wa waya kira, ba kunya. Mutanen Legas suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

Fu'ad bai tsaya shan yabo ba. Ya tafi bakin rugar ya tsaya daga waje, tunda an hana shi shiga. Ya daɗe a rana kafin Maude ya fito da sandarsa.

"Me ya kawo ka?"

"Na zo ba da haƙuri, Baba. Na kuma kawo ka gani da idonka."

Ya miƙa wayar da hannu biyu, ya yi bayani. Maude ya riƙe ta nesa da fuska, ya dubi 'yan shanun da ke kiwo a ciki. Ya gyara murya ya yi kira irin na wanda ya tsufa a bayan garke. Shanun rugar suka ɗago kai. Na cikin wayar ko motsi.



"Ba su san ni ba," in ji Maude.

"Eh, Baba. Sai kun saba."

"Haka ya kamata." Ya mayar masa da wayar. "Muryar 'yata fa?"

"Na janye ta, Baba. Har wadda ke wurina na goge."

"Har taka?"

"Har tawa."

Maude ya dube shi tun daga takalmi har hula. Ya juya zai koma ciki, sannan ya tsaya.

"To in kana son ka sake ji, ka turo manyanka."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure a masallacin Juma'a na unguwar. Mahaifin Fu'ad, Alhaji Saleh, wanda ya sha cewa ɗansa ya bar aikin gwamnati ya kama wasan yara, shi ya fi kowa fara'a. Godspower ya sa hula ta yi masa yawa. Maude ya ba 'yarsa Saye, ya ce ta zauna a garke amma tata ce, ita da duk abin da za ta haifa.

Da za a tafi da amarya, Maude ya kama hannun ango ya riƙe.

"Ka yi kuskure, ka gyara da kanka. Shi na gani. Ga ta nan, amana ce. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin kira."

Jama'a suka ce amin. Hussaina tana kuka a cikin mayafi. Fu'ad ya sunkuya ya ce, "Likitata, ki yi magana mana, na yi kewar muryar nan."

Ta share ido. "Yi haƙuri mu isa gida, ɗan birni. Kai kaɗai za ka ji."

Allah ya bar su tare.