Takalman Malam a Saman Wadirof

"Malam bai dawo ba?"

Malama ta leƙo daga kicin da kumfa a hannu. Karo na bakwai ke nan tun azahar.

"Ya fita, Inna. Duba bakin ƙofa, ai babu takalmansa."

Inna ta duba, ta gyaɗa kai, ta koma kujerarta. Malam kuwa, mijin Inna, shekararsa uku a ƙasa. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohuwar, Malama ta ajiye koyarwa ta zauna jinyar surukarta, don son da take wa mijinta Tela. Ita ce wanka, ita ce canjin zanin gado, ita ce shan zagi in Inna ta ɓoye carbinta ta ce an sace. Ta rame, barci ya ƙaurace mata, in kuka ya zo sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji. Shi kuwa Tela, bawan Allah, yana ganin kafar allura amma bai ga matarsa tana ƙarewa ba.

Ran Asabar Yaya, babbar 'yar Inna, ta iso da ledar ayaba da buhun shawara, irin masu jinyar awa biyu. Ta shiga ɗakin Malama neman sallaya, ta jawo daga saman wadirof, sai ga wata baƙar leda ta faɗo.

"Innalillahi! Takalman ubanmu a ɗakinki? A ƙulle? Tela, zo ka gani!"

Tela ya shigo daga shagonsa da ke jikin gidan, tef a wuya.

"Yaya, ki tsaya in yi miki bayani—"

"Bayanin me? Dama na ce ciwon nan ba na Allah ba ne, da hannu a ciki!"

Malama ta juya ga mijinta, tana jiran kalma ɗaya tak. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Yaushe ka zauna balle in gaya maka?" Farantin da ke hannunta ta maka da ƙasa. "Na gaji! Wallahi tallahi na gaji!"

"Ka gani ko?" in ji Yaya.

"Ki je gida tukuna," ya ce, "sai na neme ki."

Ta fita da mayafi kawai, tana kuka har bakin titi.

Yaya ta goge takalman tas, ta jera su a bakin ƙofa inda suke zama a da. Da la'asar Inna ta hango su, fuskarta ta washe.

"Malam ya dawo!"

Ta bi ɗaki ɗaki tana kiransa, har ƙarƙashin gado ta leƙa.

"Inna," in ji Yaya, "Malam ai ya rasu, shekara uku ke nan."

Inna ta zube a ƙasa. "Ya rasu? Ba wanda ya gaya min?" Ta yi kuka kamar yanzu aka fita da gawa. Bayan awa guda ta manta, ta sake hango takalman. Kwana biyu, mutuwa huɗu. A ta biyar Tela ya wawuri takalman ya tura ƙarƙashin keken ɗinkinsa, ya dawo wajenta.

"Ya fita, Inna. Duba, babu takalmansa."

Ta duba, ta gyaɗa kai, ta zauna. Shi da Yaya suka kalli juna, kunya ta rufe su.

Washegari da hantsi ya sami Malama a falon iyayenta, ledar magani a gefenta. Mahaifiyarta ta kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya hau, damuwa kuma ta yi mata yawa.

"Sori, Malama," ya ce, ya durƙusa. "Na zalunce ki."

"Sau biyar ina gaya mata gaskiya, sau biyar tana makoki a jikina ni kaɗai, shi ya sa na ɓoye su. Ka san abin da ya fi ba ni tsoro? Ranar nan na daka mata tsawa har ta firgita. Na kalli kaina, na ce ni ce wannan? Tenshan zai kashe ni, kai kana can kana yanka yadi."

"Ki dawo, don Allah. Gidan ba ya zaunuwa."

"Ina sonka, ina son Inna. Zan dawo, amma ba yadda na fito ba."

Haka aka yi. Yaya ta zo da kanta ta ba da haƙuri, ta ɗauki safiya uku a mako, Malama ta koma aji a ranakun. Tela ya riƙa rufe shago da la'asar, shi ke kai Malama wajen likita duk wata.

Ranar da ta dawo, Inna ta kama hannunta gam. "Ina kika shiga? Kin bar ni da wannan baƙuwar, ko shayi ba ta iya ba!"

Yaya ta yi dariya tana share hawaye.

Mahaƙurci mawadaci ne, ba musu. Amma mai jinya ma mutum ne, in ba a kama masa ba, gado biyu za a shimfiɗa. Kuma kafin ka zargi wanda ke wanke maka uwa, ka zauna wuni ɗaya a inda yake zama.

"Malam bai dawo ba?" in ji Inna.

Wannan karon murya uku suka amsa mata.