Ɓarauniyar Hular Kwano

Da faɗa Charnelle da Laderrick suka fara, kuma ni ban ga laifinta ba.

Satinta na farko ke nan a ɗakin jinyar 'yan ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano, na jami'arsu a Mississippi, tana koyon ɗaure ƙafa da duba targaɗe. Ya shigo, ƙato mai faɗin kafaɗa, ya haye tebur ya miƙe ƙafa. Da ya ga wadda ta ɗauko bandeji sai ya janye abarsa, wai shi sabon hannu ba ya taɓa masa idon sawu.

"To sauka ka ba masu ƙafa wuri," in ji ta. "Mutum goma ne a bayanka."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Kunya ta hana shi sauka, ita kuma ta ɗaure shi tamau da gayya. Daga ranar bai sake yarda wani ya ɗaure shi ba sai ita.

Laderrick ɗan baya ne, aikinsa ya tare duk wanda ya rungumo ƙwallo ya maka shi da ƙasa. Ya iya aikin, sai dai yana da mugun hali guda: in zai kai hari sai ya sunkuyar da kai ya yi karo kamar rago. 'Yan kallo suna mutuwar son wannan, don ba kansu ba ne. Ita kuwa duk karon da ya yi sai ta ji shi a cikinta.

Kafin shekara ta zagayo soyayya ta yi nisa. Kullum da safe sai saƙonsa ya riga ta tashi.

"Likitata, ƙafar dama tana gaishe ki. Ta hagu ta ce kin fi son 'yar'uwarta."

"Ka gaya musu ni kan nake so, shi kuma kullum kana dukan mutane da shi. Ka karya, Babban Kai?"

Wata Lahadi bayan an taso coci ta kai shi gida. Mahaifiyarta, Mis Odessa, ta ajiye masa soyayyen tarwaɗa da burodin masara, ta bar shi ya ci ya ƙoshi ba tare da ta yi murmushi ko sau ɗaya ba. Sannan ta ce ya biyo ta baranda.

A nan Mista Ulysses yake zaune, mahaifin Charnelle. Shekara tara ya yi yana buga wa manyan kulob wasa, ɗan baya shi ma, da kai yake karo shi ma. Yanzu yana da shekara hamsin da huɗu, wata rana ya san sunan 'yarsa, wata rana ya tambaye ta wa take nema. Ranar ma da safe a firij aka tsinci takalminsa.

"Kalle shi da kyau, yaro," in ji Mis Odessa. "Ya fi ka ƙarfi, ya fi ka suna. Ni na auri guda, gidan nan ya biya nasa kason. Ba za a ƙara da 'yata ba."

Charnelle ta yi fushi da uwarta har sati biyu ba sa magana sai gaisuwa. Ta rantse nata Laderrick daban ne. Wa ya taɓa yin soyayya bai yi irin wannan rantsuwar ba?

Sai ga Asabar ɗin ƙarshe ta Nuwamba, a shekararsa ta ƙarshe a jami'a. Masu farautar 'yan wasa daga manyan kulob shida suna saman fili cikin 'yan kallo da littattafansu, kuma kowa ya san wa suka zo gani. Mahaifiyarsa, Mis Verlene, ta cika bas biyu da mutanen cocinsu, kowa da riga mai lambarsa.

Ana gab da hutun rabin lokaci ya sunkuyar da kan nan ya yi karo da wani ƙato. Har benci aka ji ƙarar. Ya miƙe, fili ya ɗauki tafi, sai Charnelle ta ga ya nufi bencin abokan hamayya yana tafiya abinsa. Wani abokin wasansa ya yi wuf ya cafko rigarsa ya juyo da shi, yadda suka saba rufa wa juna asiri. Likita da ogarta ta ɗakin jinya duk sun bi wani da ya karye zuwa ciki. Ita kaɗai ta rage, ɗaliba.

Ta tare shi ta tambaye shi ci nawa ne, ya ɗaga kai ya karanto mata daga allo. Ta tambaye shi da wa suke wasa. Ya yi dariya, ya dube ta da idanun da ba su tsaya a kanta ba, bai amsa ba.

Duk mai wannan aiki ya san baki ba ya hana ɗan ƙwallo komawa fili. Dabara ɗaya ce tsofaffin ma'aikata suka gada: ka ɗauke masa hular kwano, don alƙalin wasa ba ya barin kowa ya shiga babu ita. Ta Laderrick kuwa sai da aka yi odarta musamman saboda girman kansa, ta wani ba ta shigarsa. Yana ajiye ta don ya sha ruwa, Charnelle ta sure ta, ta jefa cikin kular ƙanƙara, ta rufe ta zauna a kai.

Da aka dawo hutu aka shiga neman hula. Koci ya gano, ya zo ya tsaya a kanta yana zazzaga mata masifa har yawunsa na sauka a fuskarta, ya ce zai sa a kore ta daga makarantar. Ba ta motsa ba. Laderrick ya fara da lallashi, ya ce rabin wasa ne kawai, rayuwarsa ce da ta uwarsa a hannun masu littattafan can. Ta ce a'a. Sai ya sunkuyo, a gaban kowa, ya faɗi abin da ya faɗa.

"Ni ba ubanki ba ne. Ki je gida ki tsare wancan da ya riga ya lalace."

Ta ji kamar ta tashi ta jefa masa hular, ya je ya fasa kan kowa ya huta. Amma ta ƙanƙame murfin kular da hannu biyu. Labari ya hau saman fili, aka fara jifanta da kofuna da sauran lemo. Haka ta zauna har aka hura tashi, an cinye su da maki uku, masu littattafai kuma sun daɗe da tafiya.

Likita ya duba shi daga baya ya tabbatar ƙwaƙwalwa ta girgiza, ya rubuta a fayil, ya hana shi wasa wata biyu. Kana tsammani wannan ya wanke ta? Ina! Cewa aka yi ita ta ja aka ɓata masa fayil. Garin gaba ɗaya ya sa mata suna Ɓarauniyar Hula. Mis Verlene ta tare ta a bakin kanti, ta ce ta san komai: haɗa baki ta yi da uwarta don yaro ya maƙale a ƙauye, tunda sun rasa nasu arzikin. Wata Brionna, shugabar 'yan rawan makaranta, wadda da ma take zagayensa, ta fara saka hotunansu tare tana rubuta cewa mace ta gari tura namiji gaba take yi.

Saƙonsa ya zo bayan kwana uku.

"Shekara goma sha huɗu ina wannan wahala, kika zaune ta cikin awa ɗaya. Kada ki ƙara kirana."

"Ba zan kira ba. Ka rage kallon waya, hasken yana ƙara ciwon kan."

Ta tura, ta goge lambarsa, ta yi kuka na takaici, don haushin kanta ma take ji da har yanzu kansa ya dame ta. Hular kuwa ba wanda ya tambaya, ta kawo ta gida ta cusa a ƙasan durowa. Ta zaci uwarta za ta ce ai na gaya miki. Amma da Mis Odessa ta ga hular, sai ta ce da ita ma ta samu mai zama mata a kan kula shekara talatin baya, da yau tana da mijin hira.

A watan Afrilu aka yi zaɓen da manyan kulob suke ɗiban 'yan wasan jami'a. Kwana uku ana kiran sunaye, sama da ɗari biyu da hamsin, ba a kira nasa ba. An ce kafin kajin da Mis Verlene ta soya wa baƙin da suka taru jiran sunansa su huce, Brionna ta tuna tana da wani uzuri. Daga baya wani kulob na can arewa ya ce ya zo gwaji, irin gayyatar da ake yi wa mutum don a cike layi. Charnelle ta gama karatu ta kama aiki a wani asibitin ƙashi, ta hana kowa ambaton sunansa a gabanta.

Watan Fabrairun da ya biyo, tana fitowa daga aiki da yamma ta same shi jingine da motarta. Ta ce ya matsa. Ya ce minti biyar yake roƙo.

Ya ce ya samu gurbi a kulob ɗin, ya buga wasa goma sha ɗaya. Amma tun satin farko kocin 'yan baya ya zaunar da shi ya kunna masa bidiyon wancan wasan, wanda shi bai taɓa yarda ya kalla ba. Ya ga kansa yana tafiya bencin wasu. Ya ga wata yarinya zaune a kan kula, ƙato yana mata ihu, kofuna suna sauka a kanta. Kocin ya tsayar da hoton ya ce ba don wannan yarinyar ba, da karo na biyu ya same shi a ranar, kuma da yanzu ba ƙwallo ake masa magana ba. Shi ya sa shi gaba har ya daina sunkuyar da kai.

"Charnelle, wallahi ban tuna komai na ranar ba. Daga karin safe sai na farka Lahadi. Abokina ne ya gaya min abin da na ce a kan Baba."

"Kai ka manta, ni ban manta ba," in ji ta. "Saƙon da ka turo fa? Shi ma a sume ka rubuta shi? Da mamarka ta tsinka ni a bainar jama'a, a sume kake? Matsa min daga jikin mota."

Ya matsa. Washegari da safe sai ga shi a ƙofar Mis Odessa, ya ce ba wurin Charnelle ya zo ba, wurin wanda ya zaga ya zo. Mis Odessa ta miƙa masa reza da tawul.

Hutun ƙwallo wata huɗu ne, duk a barandar nan ya cinye shi. Shi ke yi wa Mista Ulysses aski, shi ke zagayawa da shi unguwa, shi ke amsa tambaya ɗaya sau ashirin. Wata rana tsohon ya rikice ya kai masa naushi a baki, ya goge jinin ya ci gaba da ɗaure masa takalmi. Charnelle tana gani ta taga, tana jin haushin yadda fushinta yake zubewa ba da izininta ba. Mis Verlene ma ta zo da kek ɗin dankali, ta tsaya a bakin ƙofa tana juya jaka, da ƙyar kalmar haƙuri ta fito.

Ranar da ya zo da zobe, Mis Odessa ce ta fara magana. Ta ce har yanzu ba ta son sana'arsa, kuma ba za ta so ta ba. Sharaɗinta ɗaya: hularsa ta Charnelle ce. Duk ranar da Charnelle ta ce ya isa, to ya isa, ko ana tsakiyar kaka, ko nawa aka ajiye masa. Ya ce ya yarda, ta ce a gaban fasto zai maimaita.

Ya juyo ya durƙusa.

"Ɓarauniyata, kin sace hula, kin haɗa da mai hular. Ki aure ni."

"Har yanzu ina jin haushinka, Babban Kai."

"Na sani. Ki ji shi a gidana."

Ta miƙa masa hannu tana hararsa, hawaye na zuba.

A watan Yuni aka ɗaura auren a ƙaramin cocinsu. Mista Ulysses ne ya rako ta har gaban fasto, kafin su isa ya tambaye ta sau biyu bikin wa ake yi, ta ce nata ne Baba, ya ce madalla. Laderrick ya maimaita sharaɗin da ƙarfi, har waɗanda suka jefe ta da kofi suka ji, don da yawansu suna zaune a wurin sun sha kwalliya.

Wurin walima aka turo wa ango wata tsohuwar kular ƙanƙara an ɗaure ta da kintinkiri. Ya buɗe ya ga hularsa, ya kai hannu zai ɗauka, amarya ta buge hannun.

"Gani na ce ka yi."

Ana cikin dariya Mis Odessa ta miƙe. Ta dubi mijinta, wanda yake ta tafi bai san dalili ba, sannan ta ɗora hannu a kan angon, daidai tsakiyar kai. Ta roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, aka amsa. Sai ta ƙara da guda ɗaya, a hankali.

"Allah ya sa ka tsufa kana gane fuskarta."

Ba wanda ya yi dariya a wannan. Laderrick ya riƙe hannun matarsa, jama'a suka ce amin.