Kunne Goma Sha Biyar

Ruwa ake tsugawa a birnin Kanazawa na ƙasar Japan safiyar da aka kira Sufeto Kuwabara. An tsinci tsoho Shirasaki, mai tara kan sarki, kwance a ɗakinsa da rotse a ƙeya. Yana asibiti rai a hannun Allah. 'Yarsa Chizuru kuwa tana zaune a zaure, ɗan sanda tsaye a kanta, domin shugaban caji ofis ya riga ya yanke cewa ita ce, kafin yamma a rufe ta.

Sufeto bai son aikin gaggawa. Ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin.

An fasa taga, feshin ruwa ya jiƙe tabarma sharkaf. Amma kundayen kan sarkin suna can lungun da ruwa bai kai ba, an jera su a tsaye. Akwatin da ke tsare su daga laima kuma a rufe ruf. Wannan ɓarawo akwai tausayi.

"Kin taɓa kundayen nan?" ya fito zaure ya tambayi Chizuru.

"Ni? Ko a wuta na gan su ba zan ciro ba."

"Kin zo gidan nan jiya?"

"Ban zo ba."

"Maƙwabta sun ji muryarki."

Ta sunkuyar da kai. "Na zo, yallaɓai. Mun yi faɗa. Na ce masa ya fi son takardun nan da ni. Amma lafiya lau na bar shi." Hawaye ya zubo mata. "Ku bar ni in je asibiti. Kada ya tafi wannan ce maganata ta ƙarshe da shi."

Tausayinta ya kama Sufeto, sai dai tausayi ba shaida ba ne. Ya koma ɗakin.

A kan ɗan gajeren teburin akwai kan sarki guda ɗaya, da hantsaki da gilashin ƙara girma a gefensa. Tsohon kan sarki ne na zamanin Sarki Meiji, mai furen ceri a kusurwoyi, wanda duk unguwa ta san Shirasaki na taƙama da shi. Mamaki, ɓarawo ya bar shi. Sufeto ya ɗora gilashin a kan furen tambarin sarki da ke samansa, ya ƙirga kunnuwan furen. Ya sake ƙirgawa. Ko ɗan firamare ya san sha shida ne. Wannan sha biyar gare shi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya aika a kira Nonomura, shugaban ƙungiyar masu tara kan sarki, aminin tsohon tun suna samari.

Dattijon ya iso da lema da ƙaramar jaka, ya rusuna har sau biyu.

"Baba, yaushe rabonka da gidan nan?"

"Tun kafin damina, yallaɓai. Gwiwa ta hana ni yawo."

"To taimaka min, ni baƙauye ne a harkar nan."

Sufeto ya buɗe akwatin, ya ɗauko wani kundi daga ciki ya buɗe, ya kai yatsa zai ciro wani kan sarki mai hoton tsuntsu.

"Kai! Kai!" Nonomura ya zabura, ya manta da gwiwar. "Da hannu? Gumin yatsa guba ne! Ga hantsaki nan!"

"Yi haƙuri. Mai tsada ne?"

"Ko kofin shayi ba zai saya ba. Amma kan sarki kan sarki ne."

Sufeto ya gyaɗa kai. Suka zauna, aka kawo shayi, ya yi ta jan dattijon da hira kan kundayen da ake jerawa a tsaye don kada danƙo ya manne. Yana cikin magana, sai Sufeto ya shafo raɓar da ke jikin kofinsa, ya danna jiƙaƙƙen yatsan a kan abin taƙamar Shirasaki, ya ɗaga shi, ya murza.

Nonomura ya kalla, ya kurɓi shayinsa.



"Baba," in ji Sufeto a hankali, "a kan wanda bai kai kuɗin shayi ba ka kusa marina. Wannan kuwa da ake cewa zai sayi gida, na jiƙa shi ko gezau ba ka yi ba. Wa ya gaya maka jabu ne?"

Sufeto ya nuna tagar da aka fasa.

"Kuma wane ɓarawo ne zai fasa taga, sannan ya tsaya kwashe kundaye daga feshi? Hali zanen dutse ne."

Nonomura ya ajiye kofin.

"Shekara da shekaru ina kallonsa a hannunsa. Bara na musanya shi da jabu. Na ce idonsa ya mutu, ba zai gane ba. Jiya bayan yarinyar ta fita ya kira ni, ya miƙo min gilashi ya ce in ƙirga. Sai na ture shi, kansa ya bugi teburin. Wallahi ban yi niyya ba. Na fasa tagar ne don a ce ɓarawo ne."

"Ina na ainihin?"

Dattijon ya nuna jakarsa. Yana ciki, an naɗe shi da kyau cikin takarda mai laushi.

"Da ka yi shiru an rufe 'yar amininka," in ji Sufeto.

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya haɗu da Chizuru, wadda ya goya tana jaririya, ya kasa haɗa ido da ita. Har ya sa takalmi, sai ya waiwayo a firgice.

"Yallaɓai, an bar akwatin a buɗe. Laima za ta shiga."

Ba wanda ya motsa. Chizuru ce ta shiga ɗakin ubanta, ta tura murfin da hannu biyu har ya kama, sannan ta fito a guje zuwa asibiti, ko lema ba ta ɗauka ba.