Wasiƙa a Shafin Mai Labule

"Taku biyu, Baban Ɗigo! Taku biyu ne kacal tsakaninka da ita!"

Muryar Maman Ɗigo rawa take yi. Tana tsaye a tsakiyar ofis rungume da 'yarta mai shekara uku, jini ya ɓata mata gaban mayafi. Yarinyar ta gangaro ne daga matakalar bene, goshinta ya fashe. Ma'aikata bakwai duk sun miƙe daga gaban kwamfutocinsu.

"Wallahi ban gan ta ba..." in ji mijinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ka gan ta ba? Ta gefenka fa ta wuce! Minti goma na ce ka riƙe min ita in sauka in karɓo saƙo. Minti goma!"

"Ki bari in bi ku asibiti."

"Ka bi mu ka yi me? Tuƙin ma wata uku ke nan ka ce ka gaji da shi. Zauna abinka, Injiniya, kada shafin wani ya yi kuka ba ka kusa."

Ɗinki huɗu aka yi wa Ɗigo. Daga asibiti Maman Ɗigo ba ta juya motar gida ba. Gidan Ummanta ta nufa.

Shekara biyar da suka wuce, kamfanin nan ba kowa ba ne sai su biyu, a ƙaramin ɗakin gidan haya. Tebur ɗaya, kwamfuta biyu, da fankar da sai an tura ta da rula take tashi. Shi ke gina wa masu shaguna shafin intanet, ita ke zaɓen launi da hotuna, ita ce kuma ke duba aiki kafin a ɗora shi duniya ta gani.

Akwai wata ɗabi'a da suke da ita. Idan ana gina shafi, kwastoma ba ya kawo bayanansa da wuri, don haka dole a cike guraben da wani rubutu na wucin gadi. Sauran masu sana'ar shirme suke zubawa. Shi kuwa ita yake rubuta wa. A ƙarƙashin hoton takalmi sai ta tarar da: "Shugaba, yau kin ɗaure min fuska tun safe, laifin me na yi?" A shafin mai gyaran firji: "Shayin ya yi sukari da yawa, amma ba zan faɗa ba, ina tsoron kora."

Sai ta bi shafin kusurwa-kusurwa, ta karanta, ta yi dariya, ta goge, ta saka rubutun mai shago. "Shara" suke kiran wannan aikin. Babu shafin da ke fita sai ta share shi.

Har sunan 'yarsu a gaban allo ya samo shi. Ranar da aka fara yi mata hoton ciki, ya leƙa ya ce, "Wai wannan ɗan ɗigon ne zai zo ya mallake mu?" Sunan ya bi yarinya har yau.

Sai aiki ya buɗe. Suka kama hawa na biyu a wani bene, suka ɗauki Dogo, wanda ya zama hannun damansa, sannan wasu shida. Da raino ya yi mata yawa, ta koma leƙa ofis sau biyu a mako, shi kuma ya ce kowa ya riƙa share nasa aikin. Abin ya tsaya mata a rai.

Wata shida ke nan ta kasa gane kansa. Kowane aiki ya zo sai ya karɓa. Kullum yana maƙale da Dogo yana koya masa abin da a da ba ya bari kowa ya taɓa. Ya ƙara girman haruffan kwamfutarsa kamar allon talla. Sau biyu ya wuce ta a ƙofar bene ko kallo bai yi mata ba. Ta ce a ranta, kamfani ya girma, kan mai shi ma ya girma.

Kwana tara ta yi a gidan Umma. Sau biyu ya zo, sau biyu ta ƙi fitowa daga ɗaki.

"Ke, bawan Allahn nan fa ya rame," in ji Umma, tana ninke kayan Ɗigo a bakin gado. "Jiya da zai fita sai da ya yi karo da ƙofa."

"Umma, ramarsa ba za ta mayar min da goshin 'yata yadda yake ba."

"To, rabuwa kike so?"

Ta shafa gashin Ɗigo da ke barci a cinyarta.

"Ban ce ba na sonsa ba, Umma. Wallahi har yanzu in na haɗa shayi kofi biyu nake ɗaukowa. Amma yarinya ba shafi ba ce da za a ce a goge a sake. Matakala shida ta gangara. Da goma sha biyu ce fa? Ba zan mayar da ita inda ubanta zai zauna kusa da ita hankalinsa yana wani wuri ba."

Umma ta yi ajiyar zuciya. "Allah ya kyauta. Ni dai ban ga idon mugu a fuskarsa ba."

A rana ta goma, da hantsi, tana shanya a tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Hajiya mai labule ce, kwastomarsu ta farko tun zamanin fanka da rula, wadda har yau lambar Maman Ɗigo kawai ta yarda da ita.

"'Yata, tambaya gare ni. Ni labule nake sayarwa ko wasiƙar soyayya?"

"Hajiya, lafiya? Me ya faru?"

"Jiya mijinki ya ɗora min sabon shafina. Yau da safe mata uku suka kira ni, ba wadda ta tambayi farashi. Da farko dariya na yi, na ce yaran nan har yanzu ba su daina ba... daga baya na rasa bakin dariyar." Muryar Hajiya ta sauya. "Buɗe ki gani kafin a cire. Ki zauna tukuna, kada ki karanta a tsaye."

Ba ta zauna ba. Da jiƙaƙƙen hannu ta buɗe shafin.

Tsakiyar shafin tas yake, komai a wurinsa, sunan shago, launuka, lambar waya. Amma a can gefen dama, inda aka jera ƙananan hotunan labule, rubutun da ke ƙarƙashinsu ba na Hajiya ba ne.

A ƙarƙashin shuɗin labule:

"Shugaba, na san kin daina shara, shi ya sa nake iya faɗa miki a nan. Likita ya ce ganina ne ke mutuwa ta gefe-gefe, kamar ana jawo labule daga hagu da dama. Ya ce ba a warkewa, sai dai a jinkirta. Shekara ɗaya, ko biyu in Allah ya so."

Rigar da ke kafaɗarta ta zame ta faɗi ƙasa.

A ƙarƙashin mai ruwan ƙasa:

"Kina ganin girman kai ne ya hana ni tuƙi. Gara ki ɗauka haka. Ina ɗura wa Dogo duk abin da na sani don kamfanin nan ya tsaya muku ko babu idona. Kullum ina cewa gobe zan faɗa miki, sai in ga kina dariya da Ɗigo, in kasa."

A ƙarƙashin fari:

"Ranar da ta faɗi, ƙarar na ji kafin in gani. Taku biyu, kamar yadda kika ce. Kin yi daidai da kika ɗauke ta. Da ni ne ke, da haka zan yi."

Na ƙarshe gajere ne:

"Ba duhun nake tsoro ba, zuciyata. Tsorona kada fuskarki ta ɓace min. Zan goge duk wannan kafin a ɗora."

Ya goge ɗin. Ta san hannunsa, ta san ya bi tsakiyar shafin layi-layi ya share. Na gefen ne bai gani ba.

Ta durƙushe kusa da bokitin wanki, ta toshe baki da hannu biyu. Ƙofar da ya yi karo da ita... manyan haruffan... ranar da ta ɗaga masa hannu a ƙofar bene ya wuce, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba!

"Innalillahi! Ke, mene ne?" Umma ta fito da sauri.

Ta miƙa mata wayar kawai. "Umma, ina takalman Ɗigo?"

Ana dab da azahar ta hau benen, tana riƙe da hannun yarinyar gam. Dogo ya hango ta ya yunƙura zai gaishe ta, ta ɗora yatsa a baki. Ofis ya yi tsit.

Yana zaune a teburinsa, hancinsa kusan ya taɓa allo. Ta taka a hankali ta tsaya a gefensa na hagu. Taku biyu. Inda da can ko inuwarta ta gilma sai ya ɗago ya ce, "Shugaba ta iso, kowa ya gyara zama."

Ta tsaya. Ta ƙirga har talatin a zuciyarta, tana roƙon Allah ya juyo, ya ƙaryata rubutun nan.

Bai juyo ba.

"Baba!" in ji Ɗigo.

Ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya, yana lalube da ido har ya same su.

"Ɗigona... Shugaba? Yaushe kuka shigo?"

"Tun ɗazu nake tsaye a nan." Hawaye ya ɓalle mata. "Na yi shara, Baban Ɗigo. A shafin Hajiya."

Fuskarsa ta sauya.

"Ai na goge..."

"Ka goge na tsakiya."

Ya sunkuyar da kai. Ma'aikatan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, Dogo ya ja musu ƙofa, idonsa jawur.

"Wata shida!" ta ce, tana dukan tebur da tafin hannu. "Wata shida kana kwana kana tashi da wannan kai kaɗai, ni ina gefe ina zaginka a zuci! Ni wace ce a wurinka? Kwastoma?"

"Ban so ki fara kallona da tausayi ba."

"Sai ka zaɓi in kalle ka da haushi? Kuma ka san ba ka gani, na ce riƙe min yarinya, ka ce to! Ka ce to, Injiniya! Wannan ce ba zan yafe maka da wuri ba. Da kalma ɗaya ka faɗa min, da goshinta lafiya lau."

"Na sani." Muryarsa ta karye. "Kullum sai na ji ƙarar nan. Ki yafe min... ko ba yau ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kofin shayin da ke gefen teburin ya huce, ko taɓa shi bai yi ba, wataƙila ma bai san an ajiye ba.

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ja numfashi.

"To, saurara. Yau ɗin nan kafinta zai zo ya sa ƙofa a bakin matakalar can. Gobe tare za mu koma wurin likitan, ni zan yi tambayoyin, tunda kai sai dai ka ce to. Tebur ɗina zai dawo, kuma ba a gefenka ba, a gabanka. Babu shafin da zai ƙara fita daga ofishin nan sai na share shi. Ka ji?"

"Na ji, Shugaba."

"Kuma in kana da magana, bakinka nake so. Ba ƙarƙashin labulen mutane ba."

Dariya ta kufce masa tare da kuka. Ta jawo kujera, ta buɗe shafin Hajiya. Kafin ta goge, sai da ta kwafe rubutun huɗu ta adana a wayarta. Sannan ta share, ta rubuta launi da tsawon kowane labule.

Shi kuwa ya ɗauki Ɗigo ya zaunar da ita a cinyarsa, ya tallafi fuskarta da hannu biyu, ya kawo ta daidai saitin idonsa. Ya bi ɗinkin da yatsa a hankali.

"Da zafi?"

"Ya daina," in ji Ɗigo. "Baba, me ya sa kake kallona da yawa?"

"Ajiya nake yi, 'yar Baba."

Ya ɗago yana neman matarsa. Ta ga yadda idanunsa suke yawo, sai ta tashi da sauri ta zagayo gabansa.

"Ga ni nan."

"Matso kaɗan... yauwa. Tsaya a nan, daidai tsakiya. Kada ki motsa."

Ta tsaya, hawaye na bin kumatunta har haɓa.

"Haba, Shugaba," ya ce a hankali. "Ba wannan fuskar nake son tafiya da ita ba. Waccan nake so, ta lokacin fanka da rula."

Ta cije leɓe. Ta goge ido, wasu suka sake zubowa. Ta ƙyale su, ta yi masa murmushin da duk ƙarfinta, kuma ba ta motsa ba har sai da shi da kansa ya ce ya isa.