Jan Zare a Jikin Sirinji

Ranar da Inna ta zo duba jikarta, ta tarar da jikin yarinyar rau kamar garwashi, kwalbar magani kuwa na kan firiji, ko murfinta ba a buɗe ba.

"Kwana uku da karɓo magani, ko ɗigo ba ki ba ta ba?"

Auta, matar ɗanta Tela, tana zaune a bakin gado, hannuwa a kan cinya. Ba ta yi kuka ba. Haka Allah ya yi ta tun tana ƙarama: magana in ta yi tsawo sai ta zube mata a hanya, shekara shida a aji ba ta haɗa baƙi ba. Tela ya san da haka ya aure ta, yana kuma son abarsa.

"Tsoro na ji, Inna. Kar in zuba da yawa."

"To gobe zan tafi da ita gidana. Reno ba wasan 'yartsana ba ne!"

"Inna, don Allah—" in ji Tela daga bakin ƙofa.

"Rufe min baki! Son da kake mata ne zai karanta mata takarda?"

Auta ta tashi ta ɗauko jaka, ta fara ninke kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya, kamar aikenta aka yi. Tela ya durƙusa kusa da ita.

"Me nas ɗin ta ce miki?"

"Ta faɗi abubuwa da yawa. Ta ce na gane? Na ce e."

"Kin gane ɗin?"

"A'a. In na ce a'a tsaki ake yi."

Abu ɗaya ya roƙi uwarsa, su koma asibitin tare kafin ta ɗauke yarinyar. Ta yarda ne don a faɗa masa gaskiya a gaban jama'a.

Nas ɗin ko kai ba ta ɗaga ba. "Mil biyar, sau uku, bayan ta sha nono, ki girgiza kwalbar, kwana bakwai. Kin gane ko?"

"E," in ji Auta, idonta a bango.

"Sista, yi haƙuri," Tela ya ce. "Ni a shago, ko mutum ya ce min to sau goma, ba na sa almakashi sai ya nuna min da hannunsa inda rigar za ta tsaya. Bar ta ta nuna miki."

Ya zaro jan zare daga allurar da ke maƙale a wuyan rigarsa, ya ɗaura a jikin sirinjin da ake auna maganin da shi, daidai layin da nas ta nuna. Nas ɗin ta ajiye biro, ta ja kujera. Ta zana rana uku a bayan kati: tana fitowa, tana tsaka, tana faɗuwa. Sannan ta miƙo kofin ruwa.

Auta ta ja da sirinjin, ruwa ya wuce zaren. Inna ta ja tsaki.

"Mama, don Allah, ki ba ta lokaci," in ji nas. "Sake, ƙanwata."

Ta sake, ta sake. Na huɗu ya tsaya cak a kan zaren. Na biyar ma haka.

Inna ba ta sakko ba. "Zan zauna a gidan har maganin ya ƙare. Kuskure ɗaya, na ɗauke ta!"

Kwana bakwai ta kafa kujera a tsakar ɗaki tana jiran kuskuren. Bai zo ba. Ba ta yaba ba. Zazzaɓi ya sauka.

Rana ta takwas Inna ta yafa mayafi, ta saɓi jakarta ita kaɗai. A bakin ƙofa ta tsaya, ta zazzage ƙwayoyin hawan jininta a tafin Tela.

"Kai, mai zare. Waɗannan ma a yi musu alama. Shekara biyu ina shan su yadda na ga dama."

Sai da ƙarar takalminta ta ɓace sannan Auta ta rungume 'yarta ta fashe da kuka. Tela ya bar ta ta yi mai isarta.

Haƙurinsu ya biya su. Amma ku ji, ku masu bayani a tsaye: kafin ku ce uwa ba ta iya reno ba, ku zauna ku koya mata yadda za ta ɗauka. Da yawa an raba su da 'ya'yansu ne kawai don babu wanda ya ja kujera.